Jan Maɓallin Na'urar Auta

Tun da Auta ya rasu, uwarsa ba ta fita aiki sai ta ɗora 'yar na'urarsa ta jin waƙa a kan kantar ɗakinta, kusa da madubi, inda yake ajiye ta. Da yamma in ta dawo daga gidan da take wanki da guga, sai ta sa iyafis a kunne ta saurara. Ba don waƙoƙin ba. Auta ya ɗauki muryarsa a ciki yana rera shirme, yana tsokanarta: "Inna, miyar nan gishiri ya yi mata yawa, ko soyayya kike yi?"

Sai abubuwan ciki suka fara ɓacewa. Yau waƙa ta tafi, gobe muryar Auta ɗaya ta tafi.

Ta kai ta wurin mai gyara, wani siriri da ke zaune a ƙarƙashin matakalar wani bene, teburinsa cike da matattun wayoyi.

"Inna, wannan ai ta girmi shagona," ya ce yana dariya. "Me ke damunta?"

"Cinye mini yaro take yi."

Ya bar dariyar. Ya hura ramin caji, ya zaro ƙura da tsinken allura, ya jona ta da kwamfuta don ya kwashe abin da ya rage. Kwamfutar ta ƙi ganinta. Ya canza waya, ya sake jonawa. Shiru.

"Ramin ya ci wuta, caji kawai yake karɓa. Kuma memorin a jikinta yake, ba ya fita." Ya juya ta a tafin hannunsa, ya danna wani jan maɓalli da farce. "Ga ɓarawon nan. Maɓallin ɗaukar murya ne ya maƙale. Da kin ajiye ta sai ta kama ɗauka da kanta. In wuri ya cika, sai ta share mafi tsufa ta zauna a gurbinsa."

"Nawa suka rage na yaron?"

"Ɗaya."

Ta dafa teburin.

"Kada ki damu, Inna. In na gyara maɓallin ta daina ɗauka ke nan. Sai mu share waɗannan sababbin, ai ɗaki ne kawai babu kowa." Ya jona ta da 'yar lasifika don ya tabbatar.

Aka ji ƙarar firji. Can nesa wani mai kaya yana talla. Sai kuma tafiya, a cikin ɗakin, silifas ana jan ƙafar hagu a kan siminti. Aka ɗaga murfin tukunya, aka mayar.

"Wa kike bari a gida?"

"Ba kowa. Makullin ga shi a bakin zanena."

"To maƙwabta ne. Bango ba ya riƙe sauti."

Ita kuwa ta san takun nan. Auta ya karye a ƙafar hagu yana ƙarami, tun daga nan yake janta. Sau nawa ta yi masa faɗa kan cinye takalmi ta gefe ɗaya.

Mai gyara ya danna ɗauka ta gaba, kamar ba da son ransa ba. Tafiyar ta tsaya a tsakiyar ɗaki. A ta bayanta, ta iso wajen gado. A ta jiya kuwa takun ya zo har gaban kanta, daf da na'urar. Aka ja numfashi, irin na wanda zai fara magana. A nan ta yanke.

Hayaniyar titi tana nan yadda take, amma mai gyara ya zare lasifikar, ya goge hannunsa a jikin wando.

"Inna, ni dai maɓalli na iya gyarawa. In kika mayar da ita haka, ɗauka ɗaya za ta ƙara ta cinye muryar tasa. Ba mai dawo miki da ita, ko ni ko wanda ya fi ni."

"Sa mini ita in ji."

Ya miƙa mata iyafis. Auta ne yana dariya, baki cike da abinci, yana cewa ta bar gugar nan haka ta zo ta zauna. Ta saurara har ƙarshe a tsaye, mutane suna gogar kafaɗarta suna wucewa. Mai gyara ya riga ya ɗauki sukundireba.

Ta ɗora hannu a kan nasa.

"Bar shi, ɗana."

"Inna…"

"Wannan na haddace ta. Waccan ta jiya kuwa, bai faɗi abin da zai faɗa ba."

Washegari da hantsi ta goge kantar, ta ɗora na'urar, ta juya bakinta ya fuskanci tsakiyar ɗaki. 'Yar jar fitilar ɗaukar murya ta kama tun kafin ta ɗauke hannu. Ta fita a hankali, ta murɗa makulli, ta tafi wurin wanki.