Sunan Da Inna Sabuwa Ba Ta Faɗa

Azumin shekarar korona a cikin rigar leda na yi shi. Ni mutuniyar Wurno ce, ma'aikaciyar jinya, aka ɗauko ni aka kai ni wata makaranta a bayan garin Goronyo, inda aka kwashe bencina aka jera gadaje domin killace masu cutar. Bazara ce, zufa tana gangarowa har cikin takalmi. Na gaji da korona, na gaji da masu cewa babu korona, na kuma gaji da manyan da ke shiga rediyo suna cewa an tanadi komai, alhali safar hannu ma sai mun yi tsimi.

Da farko ba mu da wata doka a kan 'yan dubiya, mun kuwa ɗanɗana kuɗarmu. An kawo wani dattijo daga Shinaka, kafin azahar sai ga motoci shaƙe da dangi, da ƙoren fura, kowa yana son ya kama hannunsa ya yi masa sannu. Ban ga laifinsu ba, haka muka tashi, wanda ba ya dubiya ba a ƙirga shi cikin mutane. Amma cutar nan abin da take so ke nan. Shi ya sa Malam Ɗahiru, shugaban wurin, ya kafa doka: kowane majinyaci ya faɗi sunan mutum guda da bakinsa, shi kaɗai za a bari ya tsaya bakin taga daga waje, da takunkumi a fuska. Ya ce sai majinyaci ya faɗa da bakinsa ne saboda duk wanda ya zo ƙofa, in ka tambaye shi, uwa ɗaya uba ɗaya suke da mara lafiya. Na goyi bayan dokar a lokacin, har yau ma ina goyon bayanta.

Ana haka aka kawo Inna Sabuwa daga Taloka, tsohuwa 'yar firit mai baƙar tsafta, tana numfashi da kyar amma tana faɗan an ɓata mata ɗaurin ɗankwali. Na tambaye ta wa take so ya riƙa zuwa taga. Ba ta yi wani tunani ba ta ce Khalid, autanta. Ashe Khalid ya kai albasa kudu, aka rufe hanyoyin jihohi yana can, ba shi da halin dawowa. Tagar Inna ta zauna babu kowa.

Akwai wani mutum kuma da ke wuni gindin dogon yaro, tsallaken ƙofar makarantar. Ya manyanta, gemunsa ya fara furfura, hannuwansa duk kanta irin ta masunta masu jan koma. Kullum zai miƙa wa mai gadi kwanon romon kifi ya ce a kai wa tsohuwar Taloka, ya koma ya zauna. Inna takan sha romon nan tas, ba ta taɓa tambayar wa ya kawo ba. Ran nan da na fito shan iska na tsaya nesa da shi na ce, "Malam, mi kake ga tsohuwar nan?"

Ya sunkuyar da kai. "Sunana Mainasara. Ni na ɗanta na hwari."

Nan take na gane, raina kuma ya ɓaci. Tsofaffinmu ba sa faɗin sunan ɗan fari, ba sa kallonsa ido da ido, ba sa hira da shi a gaban mutane. Kunya ce, da ita ake auna tarbiyyar mace. Uwata har gobe "wancan" take ce wa yayanmu, kuma duk gidan mun san babu wanda take so kamarsa. To ga doka ta ce sai an faɗi suna, ga tsohuwa ta gwammace ta mutu da ta faɗa.

Na koma ciki na gwada ta. "Inna, tunda Khalid ba ya kusa, ba wani da kika so a kira?"

"Babu."

"Wanga da ka kawo miki romo hwa?"

Ta harare ni ta cikin zazzaɓin nan. "Ke ɗiyar wa ta? Ba a koya miki magana ba?" Sai can ta ce, tana duban rufi, "Ku ce ma mutanen da ka zama cikin rana su tahi gida. Azumi aka yi."

Na sami Malam Ɗahiru a ofishin hedimasta, ya jingina kai da bango, leɓɓansa sun bushe. Mutumin Rabah ne, ba baƙo ba, bai buƙaci dogon bayani ba. Ya saurare ni har na gama, ya ce, "Zakiyya, na san abin ga. Amma in nib buɗe ma guda ba da bakin mara lahiya ba, gobe Goronyo duka tana bakin taga. Kin manta abin da munka gani?" Ban manta ba. Na fita ina ƙunƙuni, ba don ya yi ƙarya ba, sai don ya faɗi gaskiya kuma gaskiyar ba ta yi mini amfanin komai ba.

Jikin Inna ya ci gaba da tsananta. Tukunyar iskar numfashin da muke da ita ana karɓa-karɓa ne tsakanin gadaje, motar da aka ce za ta kawo ƙari daga Sakkwato kuwa kullum tana hanya. Tsohuwa ta fara rikicewa. Ta kira ni da sunan wata ƙanwarta da ta daɗe da rasuwa, ta tambaye ni ko an ɗaure awaki. Na duba ta taga na hango Mainasara gindin itacensa, na san in aka ƙara jinkiri, ko an kawo shi ba za ta san ko wane ne ba.

Da hantsi hankalinta ya ɗan dawo. Na je na tsaya a kan Malam Ɗahiru sai da ya sa rigar leda ya biyo ni har bakin gadon. Na duƙa na ce, "Inna, ga shugaba nan. Zan ambaci suna. In ba ki so a kira shi, ki ce a'a." Na ɗaga murya yadda zai ji. "Mainasara."

Ba ta ce uffan ba. Ta lalubo bakin mayafinta ta ja shi ta rufe fuska.

Na dubi Malam Ɗahiru. Ta cikin gilashin fuskarsa ban iya ganin idonsa sosai ba. Sannan ya ce, "Na ji da kunnena," ya juya ya fita.

Kafin a nemo takunkumi, a wanke wa Mainasara hannu, a zagayo da shi ta bayan azuzuwa, rana ta take, zazzaɓin ya sake rufe Inna. Na tayar da ita na jingina da filo. Ya iso bakin taga ya tsaya inda aka ja layi a ƙasa, rabin fuskarsa a rufe, hula har goshi. Ni kaina da a kasuwa na gan shi haka ba zan shaida shi ba. Ya yi sallama a hankali.

Inna ta buɗe ido ta dube shi. Ta dube shi sosai, irin kallon da na tabbata ba ta taɓa yi masa ba tun yana cikin zanen goyo. Daga nan ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata, ta juya, ta ba taga baya, ta fuskanci allon da ke bango.

Kunya da tausayi suka kama ni. Na matsa kusa da taga na ce, "Ka yi haƙuri, Malam. Jikin na, tun jiya ba ta gane mutane."

Sai na ga kafaɗunsa suna rawa, takunkumin ya jiƙe. Ya girgiza kai.

"A'a, malama, ta gane ni," ya ce. "Da ba ta gane ni ba, da ta amsa sallamata."