Maɓallan Malam Abdussalami

"Danna kuma," in ji Malam Abdussalami daga kan gadonsa.

Na danna. Allon talabijin da aka jona wa kwamfutarsa ya tsaya shuɗi yana kallona, ko ɗigo bai fito ba. Layin tsakiya na maɓallan kwamfutar ya mutu gaba ɗaya, ga shi ba ta buɗe komai sai an rubuta mata sunansa.

Shekara ashirin ina gyaran rediyo a kasuwar Mai Wurno, nan Sudan, ban taɓa samun aiki mai nauyin na ran nan ba, don auren 'yata Asma'u ne a cikin wannan tsohuwar na'ura. Saura wata guda a ɗaura mata aure da Ayman, gwaggonsa Hannatu ta tashi ta ce ai lokacin da matata ta kwanta jinya, uwar Ayman ta shayar da Asma'u. In haka ne nono ɗaya suka sha, aure ya haramta. Matan biyu duk sun riga mu gidan gaskiya. Ni kuwa kowace kaka ina Gadarif yankan riɗi, balle in ce na gani. Kwana tara yarinyar nan ba ta ci abin kirki ba.

Katanga ɗaya ta raba ni da Malam. Tsohon akawu ne na gandun noman Suki, mutum mai taurin kai da son takarda. Marigayiya matarsa Ramatu ita ce ungozomar unguwarmu, kuma kafin ta rasu ya zaunar da ita ya rubuta duk haihuwar da ta karɓa, da wadda ta shayar da ɗan wata. Gara ta cinye littafin. Abin da ya tsira shi ne wanda ya kwafa a kwamfutar da ƙanensa ya kawo masa daga Jidda. Yanzu likitan asibitin Sinja ya ce a mai da shi gida, kowa kuma ya san ma'anar haka. Liman ya ce rubutun ba zai zama hujja ba sai mai shi ya shaida da bakinsa.

"Malam, kai ba ka tuna komi?" na tambaye shi.

"Ina tuna wani abu. Amma ba ni shaida da ka, Hashim. Mai ƙafa guda cikin kabari bai halatta haram da zato."

Na kwance sukurori shida na ɗaga murfin. Riɗi ya zubo, da gawar tururuwa, da busasshen shayi.

"Wagga na'ura ta ko rumbu?" na ce.

"Shekara sha tara tana yi min aiki. In hana mata abinci?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Na goge ƙasan maɓallan ɗaya bayan ɗaya da auduga, na bi 'yan robobin da ke ƙarƙashinsu da bakin fensir, na mayar. Shiru. Sai da na fita da allon maɓallan ƙarƙashin rumfa, cikin hasken hantsi, na ga ciwon: siririn zirin leda da ke haɗa maɓallan da cikin na'urar ya tsage daga baki, tsaga kamar gashi. Maganinsa a datse bakin a sake cusawa cikin raminsa, amma zirin gajere ne. In na wuce da almakashi, shi ke nan.

Na yi bisimilla na datse gwargwadon farce. Da ƙyar ya kai ramin.

Na danna, harafi ya fito. Wallahi sai da na yi hamdala da ƙarfi.

Aka kira liman, aka kira Hannatu ta zauna bakin ƙofa da mayafinta. Aka tokare Malam da matashi, ya rubuta sunan da yatsa ɗaya. Na'urar ta yi ta ƙugi, sannan sunaye suka jeru, rabin unguwa. Ya bi su a hankali har ya tsaya.

"Ga ta. Ɗiyar Hashim ta fari, Sakina, ta sha nonon uwar Ayman kwana goma sha ɗaya. Asma'u ko, nonon akuya ta sha, Ramatu da kanta tab ba ta. Hannuna na, na shaida."

"To halas," in ji liman. "Sakina ce 'yar uwarsa. Asma'u ta halatta gare shi."

Hannatu ta gyara mayafinta. "Yaran sun yi kama," ta ce. "Allah shi yafe min."

Ban tsaya haɗa kayan aikina ba. Ta kan katanga na faɗa wa Asma'u, ta zauna daɓas a gindin turmi tana kuka. Da azahar ta cinye kwano guda na ɗumame, ni kuma na tsaya ina kallonta kamar wawa.

Malam ya cika ranar Alhamis bayan la'asar, cikin sauƙi, da kalmar shahada a bakinsa. Na yi kewarsa fiye da yadda na zata, duk da faɗan da muka sha yi a kan awakina da ke cin zogalensa.

A kan gadonsa na igiya muka ɗauke shi zuwa maƙabarta, kamar yadda aka saba. Ina riƙe da ƙafar gaba, mun wuce masallaci, kafaɗata ta fara ciwo. Sai na ji Ayman a gefena.

"Baba, kawo in karɓe ka."

Na zame, ya sa kafaɗarsa a wurin tawa, muka ci gaba da tafiya.