Fasinjojin Cikin Jaka

Bas ɗaya ce ke ratsa ƙauyen, wata farar tsohuwa mai tari. Da safe ta kai mijin Tela asibitin birni inda yake aikin jinya, da yamma ta dawo mata da shi. Tela ta san kukan injin nan kamar yadda ta san takun mijinta. Da ta jiyo shi daga kwanar gada sai ƙafarta ta tsaya cak a kan keken ɗinki, zuciyarta ta ci gaba da bugun ita kaɗai.

Ƙauyen ya zube. Gida arba'in, rabi da kwaɗo a ƙofa. Waɗanda suka rage kuwa ba sa ɗunguma zuwa birni, mutum ɗaya ke tafiya da saƙon kowa. Ran nan layi ya zo kan Tela, ta fito da jaka maƙil, mijinta na gefe.

A kujerar gaba ta ga wata baƙuwa riƙe da littafi. Direba ya leƙo ta taga, ya yi ƙasa da murya.

"Ƙanwata, jami'ar ofishin sufuri ce. Tashar da ba ta kawo fasinja goma, ƙarshen wata an soke ta."

Tela ta waiga. Ita, mijinta, sai Kawu mai kaji. Uku. In bas ta daina zuwa, dole mijin ya kama ɗaki a birni, ta riƙa ganinsa wata-wata kamar baƙo. Ta sunkuyar da kai, idonta ya faɗa cikin jakar: tabaran Maƙeri da ya karye, katin asibitin Kaka, rediyon Mai shayi, takalmin Goggo wari ɗaya.

"Yaya, ba ni minti goma."

"Biyar."

"Goma, in ɗinke maka kujerar nan mai cizon mutane!"

Ba ta jira amsa ba, ta zuba a guje. Ta dire tabarau a gaban Maƙeri. "Baba, yau da ƙafarka za ka kai."

"Ni da ko hanya ba na gani?"

"Ai direba ke gani, kai zama ne naka."

Kaka ta fi kowa gardama. "Ke 'yar nan, shekara shida ban shiga mota ba, sai yau da na jiƙa wanki?"

"Kaka, za su ɗauke bas." Tela ta durƙusa a gabanta. "Za su ɗauke min mijina."

Tsohuwar ta dube ta, ta yarfe kumfar hannunta. "Miƙo min sandata."

Haka suka riƙa ɓullowa, Mai shayi rungume da rediyonsa, Goggo tana ɗingishi da takalma kala biyu, ana yi mata tsiya tana ramawa. Mijin Tela na bakin ƙofa yana tallafo tsofaffi ɗaya bayan ɗaya.

Jami'ar ta ɗago. "Malama, duk abin da kika yi a kan idona."

"Ranki ya daɗe, ban ƙaro kowa ba," in ji Tela tana haki. "Kullum suna cikin motar nan. A jaka ake ɗauko su."

Matar ta dubi jakar da ta koma wayam, ta bi kawunan da biro. Sha huɗu. Ta daɗe tana rubutu.

"Na sa abin da na gani, har da zancen jakar. Amma zan dawo, kuma ba sanarwa."

"Ki dawo, 'yata," Kaka ta ce daga baya, fuskarta manne da gilashi. "Ashe an yi wa gada fenti ba wanda ya faɗa min. Ni da aike kuma har abada."

Bas ta yi tari, ta ɗaga. Kujera ta ƙare, abin da ba a taɓa gani ba, Tela da mijinta suka tsaya riƙe da ƙarfe ɗaya. A kwanar gada motar ta karkata, kafaɗarta ta jingina da tasa, ba ta janye ba.