Ɗaki a Bakin Hanya

Magini yana zuba farar ƙasa a kan layin igiya, Dogo yana biye da shi da takardar zanen gida a hannu, yana duba takarda yana duba ƙasa. Tun hantsi suke wannan aiki, kuma ga gidan nan ya fara bayyana a kwance a fili: falo, ɗakin girki, ɗakuna huɗu, da gareji a bakin hanya. Gobe da sassafe masu haƙa harsashi za su zo, in kuwa aka zuba siminti, magana ta ƙare.

Wata uku Dogo ya yi yana zirga-zirga tsakanin ofishinsu na hukumar ruwa da ofishin mai zane. Duk lokacin da aka gyara wani abu, sai ya shimfiɗa takardar a kan tebur ya nuna wa matarsa, Maman Biyu, da mahaifiyarsa, Inna. Su biyun amsarsu ɗaya ce, ya yi kyau, Allah ya sa a shiga lafiya. Yau ya ɗauko su a mota don su ga abin da idonsu.

Ɗakin Inna ne abin alfaharinsa. Ya sa shi can ƙuryar gida, nesa da ƙarar titi da hayaniyar tagwayensu, da banɗakinsa a ciki, babu ko matakala ɗaya saboda gwiwoyinta. Shekara huɗu ke nan tana zaune da su a gidan haya, a hawa na uku, ba ta saukowa sai ranar asibiti. Ya kama hannunta ya tsallakar da ita layuka har cikin ɗakin, ya nuna mata inda gado zai zauna da inda taga za ta kasance. Ta tambaye shi me tagar take kallo. Ya ce katangar baya. Ta gyaɗa kai ta sa masa albarka.

Da ya koma wajen magini suka shiga gardama a kan faɗin baranda. Bayan kamar rabin awa ya ɗaga kai, sai ya ga babu Inna a ɗakinta. Ta jawo kujerar roba da suka zo da ita har bakin hanya, ta dasa ta a tsakiyar gareji. Wata mata mai ɗauke da kwandon wanki tana tsaye a gabanta, suna magana kamar sun shekara da sanin juna.

Dogo ya tsaya yana kallo. Matar ta tafi, wani dattijo mai keke ya tsaya. Bai san abin da dattijon ya faɗa ba, amma Inna ta yi dariya har ta dafe ƙirji. Ya yi ƙoƙarin tuna ranar ƙarshe da ya ji wannan dariyar, sai ya ga tunanin yana kai shi can tsohon gidansu, lokacin da mahaifinsa yake da rai. A gidan hayar nan Inna mai shiru ce, daga sallaya sai rediyo, har shi ya ɗauka tsufa ne ya rage mata magana. To wace ce wannan da take tare mutane a hanya?

Ya bar magini da tef ɗin awo a hannu, ya matsa kusa kamar mai duba turakun igiya. Inna ba ta jira ya tambaya ba. Ta ba shi labarin unguwar kaf: gidan da ke dama na wata ungozoma ce mai ritaya, mai keken nan gyaran famfo yake yi, kuma matar mai wanki ta ce da damina ruwa yana taruwa a kusurwar bayan filin, sai an yi cikon ƙasa sosai. Shekara biyu da sayen filin, shi Dogo da yake aikin ruwa, bai san wannan ba.

Ya ce mata rana ta fara zafi, ta koma inuwa. Ta duba layin da ya kewaye ta, ta tambaye shi nan ɗakin wane ne. Ya ce na mota ne.

"Motar nan ta yi sa'a," in ji Inna. "Kowa ya wuce sai ta gan shi."

Ta faɗa da murmushi, amma maganar ta zauna masa a ƙirji. Ya tsuguna a gabanta ya tambaye ta ko ɗakin nata bai yi mata ba ne. Ta ce ya yi mana, wa zai raina ɗaki da banɗaki a ciki. Ya ce ta faɗa masa gaskiya. Ta ɗan jima tana gyara bakin mayafinta.

"Yaron nan, na san don ka hutar da ni ka yi. Amma hutun ya ishe ni. Shekara huɗu ina jin muryoyin mutane daga ƙasa, ban san fuskar kowa ba. Wurin shiru yana nan yana jirana, ba sai ka gina mini shi tun yanzu ba."

Dogo ya sunkuyar da kai. Da ya miƙe, ya kira magini ya tambaye shi ko gareji zai iya zama ɗaki, da banɗaki da 'yar baranda mai kallon hanya. Magini ya sosa ƙeya, ya auna, ya ce zai yiwu in an ci kaɗan daga falo, amma dole a koma wajen mai zane, kuma masu haƙa ba za su zo gobe ba. Ya ƙara da cewa motar fa sai dai ta kwana a tsakar gida. Dogo ya ce ta kwana, ba ta da ciwon gwiwa.

Duk wannan Maman Biyu tana tsaye a cikin layin ɗakin girki, ta harɗe hannuwa tana kallonsu. Ya je ya gaya mata abin da aka yanke, yana jiran ta yi ƙorafin jinkiri. Sai ta ce tunda an fara gogewa, ita ma tana da 'yan maganganu. Ya tambaye ta tun yaushe. Ta ce tun takardar farko.

"To me ya hana ki faɗa?"

"Nuna mana kake yi, Baban Biyu. Ba ka taɓa tambaya ba."

Dogo ya waiwaya ya ce wa magini ya sallami masu haƙa sai wani mako. Sannan ya ciro biro daga aljihu, ya tambaye ta daga ina za su fara.

Ta ce ya biyo ta. Ta tsallake layi biyu, ta tsaya daidai inda teburin cin abinci zai zauna, ta nuna masa ƙofar banɗakin baƙi, wadda take kallon teburin ido da ido.