Baƙar Bindiga a Hannun Mista Tubbs

Ni aikina ran Asabar shi ne a harbe ni. Kada ku yi dariya, gaskiya ce tsagwaronta. Lorna Pickett, tsohuwar 'yar sanda, tana koyar da kare kai da bindiga a wani tsohon rumbun hatsi a bayan garinmu a Oklahoma, ni kuwa nake fitowa a ɓarawo. In zura riga mai kauri da hular kwano, in riƙe wuƙar roba, ɗalibai su yi ta ɗirka mini harsashin fenti. Bindigogin horon duk shuɗaye ne. Ta gaske ba ta ƙetare ƙofa, don Lorna da hannunta take lalube kowa, har cikin safa.

Cikin ɗaliban wannan rana akwai Mista Vernon Tubbs, dattijo mai kiwon shanu, wanda shekara da shekaru bindiga ba ta rabuwa da ƙugunsa. Ƙarar tarakta ta cinye masa kunne, sai an ɗaga murya yake ji. A zagayen safe na yar da wuƙa, na ɗaga hannu, na kurma ihu, sai ji na yi fenti ya fashe mini a ƙirji. Tubbs ne ya harba, Lorna kuwa ta wanke shi tas. Ta ce wanda ya yar da makami ya zama amana a hannunka, kuma harsashi ba ya jin "yi haƙuri". Muka yi ta tsokanar dattijon har lokacin abinci, yana ta sosa ƙeya.

Da muka gama da wake da gasasshen nama, aka sake lalube kowa, aka koma ciki. Zagayen Tubbs ne kuma. Zai shigo garejin da muka haɗa da katako, ni in fito daga bayan ƙofa in nemi makullin mota. Lorna tana bayansa da usur a baki.

Na fito ina zage-zage yadda na saba. Ya ɗage gefen riga, ya zaro bindiga, ya saita ni. Baƙa ce.

Shuɗiyar na nan rataye a ɗaya gefen ƙugunsa, ina ganinta. Tsakanina da bakin bindigar bai fi tsawon tebur ba, kuma yatsansa na kan kunama. Lorna ba ta ga komai ba, faffaɗan bayansa ya tare mata.

Akwai kalmar da kowa zai iya faɗa a tsayar da wasa. Amma wa zai ji? Tubbs rabin kurma ne, ga hular kwano a kansa, kuma ihuna ne ya firgita shi da safe har ya harba. In kuma na roƙe shi, ai roƙo da ƙarya suna cikin aikina, shi ma ya sani. 'Ya'yana mata biyu suka faɗo mini a rai, waɗanda na yi wa alkawarin kai su kamun kifi gobe bayan coci. Tsoro na ji, irin wanda ban taɓa ji ba tun da uwata ta haife ni.

Na buɗe yatsuna a hankali, wuƙar ta faɗi. Ban ɗaga hannu da sauri ba, ban ce uffan ba. Na durƙusa sannu sannu, na kwanta rubda ciki a kan siminti, na juya fuskata gefe ina kallon takalmansa masu kashin shanu. Ina jin numfashinsa cikin hula kamar na saniya mai naƙuda. Na rufe ido ina jiran ƙara.

Usur na ji. Lorna ta zagayo don ta tambayi dalilin da na ɓata wasan, sai idonta ya faɗa kan hannunsa. Ba ta yi ihu ba.

"Mista Tubbs, ɗauke yatsa. Yawwa. Nuna ta ƙasa, ka miƙo mini."

Da ta zare harsasan, wanda ke cikin bututun bindigar ya faɗo ya gangara har kusa da hancina. Ashe bayan an gama lalube mu ne ya tuna da maganin hawan jininsa, ya bi ta ƙofar baya zuwa mota. Ya ga bindigarsa a kan kujera, hannunsa ya soke ta a ƙugu yadda mutum ke ɗora hula, shi bai ma sani ba. Lorna kuwa fuskarta ta yi fari fat, tana ta maimaita cewa ƙofar bayan laifinta ne.

Dattijon ya zauna daɓas a ƙasa kusa da ni, ya cire hular. Na tashi zaune, na juyo gare shi.

"Na gode, Mista Tubbs," na ce masa da ƙarfi don ya ji. "Na gode da ba ka ja kunamar ba."

Ya ɗaga yatsan yana kallonsa.

"Na ja, ɗana," ya ce. "Har rabi na ja ta."