Baho da Ƙanƙara

Ranar wata Talata da la'asar yayan matata ya karya mini muƙamuƙi, kafin magariba kuma ta rasu.

Ciwon zuciyarta ba irin wanda mutane suka saba ji ba ne. Tana zaune lafiya lau a gaban keken ɗinki tana yi mini tsiya, sai zuciyar ta zabura ta kama gudu, har kana ganin jijiyar wuyanta tana rawa. Likitan zuciya ya zana mana abin a takarda. Ya ce an haife ta da wata ƙaramar hanya da sauran mutane ba su da ita, wutar da ke sa zuciya bugawa takan kauce ta bi ta can ta yi ta kewaye. Ya ce da ɗan ƙaramin aiki za a ƙone hanyar a huta. Ta ce sai ta gama ɗinkin mutane. Ɗinkin mutane kuwa ba ya ƙarewa.

Kafin ta gama, ya koya mana dabaru. Ta hura bakin sirinji marar allura iya ƙarfinta, sannan in kwantar da ita in ɗaga ƙafafunta sama. In abin bai lafa ba, ta tsoma fuska cikin ruwan ƙanƙara. In wannan ma ya ƙi, to asibiti, wurinsa. Ni aikina gyaran kurakurai ne a maɗaba'a, don haka na karanta duk abin da hannuna ya kai gare shi a kan ciwon, har ma'aikatan asibiti suka fara sauya hanya in sun hango ni.

Ruwan ƙanƙarar shi ya fi yi mata aiki, shi kuma ta fi tsana. Da fuskarta ta taɓa sanyin sai ta ɗago. Ita ce ta kawo shawara.

"Mai Littafi, ka danne ni kawai. In na gaji zan mintsine ka a cinya."

"In kuma don mugunta kika mintsine ni fa?"

"Ai ba za ka taɓa sani ba."

Haka muka riƙa yi. Cinyata ta dama ta sha wuya. Danginta kuwa ta hana a gaya musu. Ta ce in suka ji za su tare a gidan, su raba ta da keke, su riƙa yi mata kallon gawa tun tana tafiya da ƙafarta.

Ranar ana zafi, ƙofar gida a buɗe take. Abin ya taso mata tana yankan yadi. Mun yi sirinji, mun ɗaga ƙafa, bai lafa ba. Na ciro ƙanƙara daga firji na farfasa da guduma, na zuba a baho a ƙofar kicin. Ta durƙusa, ta ja numfashi, ta ce, "To, azzalumi." Na sa hannu a ƙeyarta na danna.

Yayanta mai walda ne. Ya zo kawo ƙafar teburin keken da ya liƙe mata, ƙarfen yana hannunsa. Abin da ya gani shi ne ƙanwarsa a durƙushe, kanta cikin ruwa, hannunta yana dukan siminti, mijinta ya danne ta. Na sha juya abin a raina. Ba na ce abin kallo ne mai daɗi ba. Amma Yaya bai taɓa tambaya kafin ya aikata ba, ko a wurin auna taga.

Bugun farko a kafaɗa ya same ni. Na juyo in yi magana, na biyun ya sauka a fuska. Na ji ƙarar daga cikin kaina, kamar an taka busasshen ice. Bahon ya kife, ƙanƙara ta watsu a ƙasa, na faɗa kan ƙanƙarar. Na tofar da wani abu mai tauri, ashe haƙorina ne.

"Kashe ta za ka yi, ɗan iska? A cikin gida, da rana tsaka?"

Ihunsa ya jawo maƙwabta. Mai guga ya shigo, wanda kullum da safe yake aron jaridata. Bai tambayi komai ba shi ma, ya sa mini ƙafa a haƙarƙari. Mai shagon kwanar layi ya zo da sandar rufe shagonsa. Matar gidan sama ta tsaya a bakin ƙofa tana ba da shaida.

"Dama na faɗa. Mutum ba gaisuwa ba fara'a, kullum kai cikin littafi."

Na hango matata ta tsakanin ƙafafunsu, ta rarrafo gashinta yana ɗigar ruwa, ta kama rigar yayanta.

"Yaya, bari. Magani ne."

Muryar da ƙyar take fita, ba numfashin da zai ɗauke ta.

"Yi shiru, Auta. Har yanzu kare shi kike yi?"

Ta sake buɗe baki, sai idanunta suka juye, ta sulale. Nan suka bar ni. Matar gidan sama ta dafa ƙirjinta ta ce zuciyar tana gudu kamar inji.

"Firgita ce," in ji mai shago. "Ku kai ta kemis ɗin bakin titi. Yana da wata allura mai kwantar da zuciya, ya sha yi wa tsohona."

Wannan maganar ce ta tashe ni daga ƙasa. Likita ya taɓa zaunar da ni ni kaɗai, ya ce akwai allurar da take rage gudun zuciyar sauran mutane, amma ga mai irin hanyarta tana iya toshe babbar hanyar, wutar duka ta kwarara ta ƙaramar, zuciyar ta rikice ta tsaya. Ya sa na haddace sunanta. Sunan yana kan harshena. Na buɗe baki, haɓata ta zame gefe, abin da ya fito kumfa ne da jini. Na yi gurnani kamar sa. Na ja jiki na cafke ƙafar wandon Yaya. Ya dube ni, ya ɗaga dugadugin takalmin aikinsa ya sauke a kan yatsuna, ya murza.

Suka ɗauke ta suka fita da gudu. Mai guga ya zauna a kan kujerar ɗinkinta yana gadina kada in tsere.

A asibiti na farfaɗo, an ɗaure mini baki da waya. Wata nas ce ta gaya mini, tana gyara ƙarin ruwa don kada ta haɗa ido da ni. A kan bencin kemis ta cika, jim kaɗan bayan allurar. Likitan zuciya shi ya yi wa 'yan sanda da dangi bayanin bahon. An ce da Yaya ya ji, zama ya yi a ƙasa a ofishin 'yan sandan.

Ya zo duba ni daga baya. Ya tsaya a ƙarshen gado yana juya makullin mota a hannu.

"Ƙaddara ce, ƙanena. Ai da kun gaya mana."

Na dube shi ta cikin bandeji. Ya ɗan jira, kamar mai tsammanin amsa daga bakin da ya rufe da hannunsa, sannan ya ajiye ledar lemo, wanda ba zan iya tauna ba, ya fita.

An cire wayar tuntuni. Ina gaisawa da mai guga yanzu, tunda an ce rashin gaisuwa ne laifina. Dangi suna ta aiko mutane su ji ko na yafe, suna cewa na riƙe magana a ciki. Suna zaton wata doguwar magana ce, tsinuwa ko kuka. Ba ta da tsawo, kuma amfaninta ya ƙare tun kafin su kai bakin titi da ita.

Kada a yi mata allura. Ku kai ta wurin likitanta.