Daƙiƙa Takwas a Tsakiyar Titi

Maigidana direban bas ne, shekara ashirin da shida a kan hanya ɗaya, kuma mutum ne mai yanke hukunci kafin ya yi tambaya. Ran Litinin da hantsi ya hango Autarmu, wadda ke karatun injiniya, zaune kan dakali kusa da danja, littafi a cinya. Talata ma haka. Ran Laraba ya shigo ya ƙi cin abinci, wai an kori yarinya daga jami'a, kunya ce ta hana ta faɗa. Ni ma abin ya dame ni, don ita kaɗai ta kai jami'a a gidan nan.

Maimakon ya tambaye ta, sai bawan Allah ya je ofishinsu ya roƙo mata aikin yankan tikiti. Ya ajiye takardar aikin gefen kwanonta, ya ce ba komai, kowa da rabonsa.

Auta ta yi dariya har ta ƙware. Da ta samu numfashi ta ce darussa uku aka haɗa musu wannan zangon, duk a kan titi: na gina hanya, na lafiyar jama'a, da na halayyar ɗan Adam. Hankalinsa na kwanciya baki ya dawo. Wai malamai uku sun taru kan titi guda, shi da yake taka shi kullum ba wanda ya tambaye shi.

Ta ce a lissafin injiniya daƙiƙa goma sha biyu sun isa mutum ya tsallaka, haka ma aka saita danjar. Malamar lafiya ce ta ce su je su auna da gwiwar tsofaffi. Na ukun ya ce su rubuta abin da direbobi ke yi. Ta ce akwai wata tsohuwa mai sanda, ita sai ta yi daƙiƙa ashirin kafin ta tsallaka.

"Sauran takwas ɗin fa?" in ji shi.

"Da hon ake raka ta, Baba."

Ta tura masa littafin. Lambobin motocin da ke yi wa tsohuwar hon ne a jere, yana bi da yatsa yana tsaki yana kiran sunayen abokan aikinsa, har yatsan ya tsaya. Lambarsa ce, kwana uku a jere. Na so in yi masa tsiya, amma da na ga fuskarsa sai tausayi ya kama ni.

Da safe yana ɗaura takalmi, bai ko ɗago kai ba ya ce, "Auta, ƙarfe nawa tsohuwar nan take tsallakawa?"